Allurar da Ta Daskare a Garki

Garki, Abuja,
8 ga Fabrairu, 1982.

Zuwa ga Hafiza, likitar shanu mai jiran gado,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Ni lafiyata ƙalau, in ban da tarin da ƙurar siminti ta sa mini. Idan kin leƙa gida ki gaishe mini da mahaifinki, Kawu Saleh. Umma ta aiko mini cewa ƙafarsa ta yi sauƙi, na yi murna.

A bikin Fadima kin tambaye ni yadda sabon birnin yake. Ba birni ba ne tukuna, alkawarin birni ne. Duk inda mutum ya duba jar ƙasa ce da katafila. An ba ni ɗaki biyu kusa da ofishinmu na rabon filaye, kuma janaretan unguwarmu bai cika mutuwa ba, wanda a nan babban arziki ne.

Ga dalilin wasiƙar. Akwai wani Bafulatani mai suna Ɗangoggo, rugarsa tana bayan Kuje. Bara, da aka dawo da mu daga Legas, motata ta mutu a kusa da shi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya sauke ni, ya ciyar da ni, bai tambayi ko ni wane ne ba sai da zan tafi. Tun daga nan kusan duk Asabar ina can. Daminar da ta wuce harbin daji ya kashe masa maruƙa da yawa, sai na buɗe baki na yi masa alkawarin allurar rigakafi kafin ruwan bana. Wani abokina a sashen dabbobi zai ba ni kwalaben a ƙarshen wata, amma malamin allura ba zai samu sarari ba sai cikin Maris. Ke nan maganin zai zauna a wurina.

Ina da firij mai kyau, na saye shi a hannun wani injiniya Ba'amurke da ya gama kwangilarsa. Har da ɗan ma'aunin sanyi mai kamar agogo a rataye a ciki. Ki gaya mini a nawa zan ajiye maganin. Wannan ce ranar da karatunki zai yi wa dangi amfani.

Naki, wanda kike kira bawa ba ki taɓa ciyar da shi ba,
Yamusa.

*

Zariya,
17 ga Fabrairu, 1982.

Bawana Yamusa,

Na samu wasiƙarka, na gode Allah da kake lafiya. Baba yana amsawa, har ya fara zuwa masallaci da ƙafarsa. Ya ce in tambaye ka ko a cikin filayen da kake rabawa babu na kawunka.

Ɗan mace bawa ne ko da ya zama babban sakatare, ba ni na kafa dokar ba, haka muka tarar. Amma yau ka burge ni. Mutumin da ya sauke ka bai san ka ba ya cancanci fiye da allura.

Maganin harbin daji ba shi da wuyar sha'ani. Ka ajiye shi tsakanin biyu da takwas, huɗu ya fi. Kada ka bar shi a rana. Ranar tafiya ka sa shi a kula, ka lulluɓe da buhu mai laima. A girgiza kwalba kafin a zuƙa. A fara da maruƙa da 'yan shekara biyu, su ciwon ya fi ɗauka.

Ina rubutu a tsaye ne. Jibi za a kwashe 'yan ajinmu zuwa tsaunin Mambila don aikin gwaji, sai ƙarshen Afrilu. Ka rubuto nan makaranta, zan tarar. Ka gaishe da Gwaggo Azumi idan ka rubuta mata, ka ce 'yarta tana nan tana yi mata tarbiyyar ɗa daga nesa.

Uwar ɗakinka,
Hafiza.

*

Garki, Abuja,
22 ga Maris, 1982.

Ranki ya daɗe, uwar ɗakin da ba ta da ɗaki,

Ina fatan sanyin Mambila bai kama ki ba. Muna lafiya. An fara hadari, amma ruwa bai sauka ba.

An yi allura, an gama. Amma bari ki ji yadda na ceci maganin, don ki san bawan naki ba kanwar lasa ba ne. Da na sa kwalaben a firij na duba ma'aunin nan na Bature, sai na ga yana kan arba'in. Arba'in, alhali kin ce huɗu! Na murɗa firij har ƙarshe, da ƙyar ya sauko talatin da biyar. Na ce lallai Ba'amurken nan ya sayar mini da gawa. Sai dabara ta zo mini. Na ɗauki ma'aunin na sa a ɗan akwatin sama inda ake yin ƙanƙara, na dawo daga ofis na tarar da shi a kan huɗu cif. Nan na mayar da kwalaben. Suka yi mako uku a ciki, sun yi tauri kamar dutse. Kafin mu isa Kuje sun narke a kula, malamin allura ya girgiza ya yi aikinsa.

Da kin ga rugar ran nan! Yayan Ɗangoggo, wani dattijo mai suna Usaini, da fari ya ƙi. Ya ce shi bai taɓa ganin abin gwamnati na kyauta da bai zo da wutsiya ba. Ɗangoggo ya ce masa, “Wannan ba gwamnati ba ne, Yamusa ne.” Da wannan maganar aka shigo da shanun Usaini da na maƙwabta.

Da za mu tafi ya ja ni gefe ya nuna mini wata karsana fara mai baƙin kunne, ya ce tawa ce, za ta zauna a garkensa, abin da ta haifa nawa ne. Ban gama rufe baki ba sai ga wani labarin. Matarsa ta haihu a makon nan, kuma ranar suna na ji liman ya raɗa wa yaron Yamusa. Ni da ko aure ban yi ba, ga ni da takwara da saniya.

Oga ya ji labari, yanzu a ofis Sarkin Fulanin Garki suke kirana. Ki fara koyon durƙuso.

Naki,
Yamusa.

*

Zariya,
3 ga Mayu, 1982.

Yamusa,

Ina fatan kana lafiya. Jiya muka dawo, yau na karɓi wasiƙarka a wurin mai rabon wasiƙu. Ta yi fiye da wata tana jirana. Na karanta ta sau biyu.

Ka je ka duba fuskar ma'aunin nan. Na tabbata za ka ga harafin F a jiki. Ma'aunin zafi iri biyu ne. Namu, wanda muke aiki da shi a makaranta da asibiti, shi ne Santigired: ruwa yana daskarewa a sifili, yana tafasa a ɗari. Amurkawa da Farenhait suke aiki: a wurinsu ruwa yana daskarewa a talatin da biyu, yana tafasa a ɗari biyu da goma sha biyu. Idan za ka mayar da nasu zuwa namu, ka cire talatin da biyu, ka ninka abin da ya rage sau biyar, ka raba gida tara.

Ɗauki arba'in ɗin da ta tsorata ka. Cire talatin da biyu, saura takwas. Sau biyar, arba'in. Raba gida tara, huɗu da 'yan kai. Firjinka lafiyarsa ƙalau, yana daidai inda na ce tun ranar farko. Huɗun da ka samu a akwatin ƙanƙara kuwa, a namu ma'aunin wajen goma sha shida ne ƙasa da sifili.

Wannan maganin ba ya jure daskarewa. Yana tsinkewa kamar nonon da ya wuni a rana, ko ya narke ba ya komawa yadda yake, kuma ido ba lallai ya gane ba. Ba zai cutar da shanun ba. Amma ka ɗauka ruwa aka tsira musu. Ga damina ta sauka, ga mutane sun saki jiki suna ganin dabbobinsu a tsare suke.

Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Ka gaya mini a wasiƙarka ta farko cewa firjin na Ba'amurke ne, na karanta da idona. Na rubuta maka huɗu ban ce huɗun me ba, ban kuma ce kada ya daskare ba, saboda ina sauri ina neman abin tsokanarka. Shekara biyar ana koya mini kada in rubuta lamba tsirara.

Ka je wurin Ɗangoggo ranar da wannan ta same ka. A sake allurar, kuma ko an sake sai ta yi kamar mako biyu kafin ta fara tsaro.

Hafiza.

*

Garki, Abuja,
12 ga Mayu, 1982.

Hafiza,

Lafiya lau nake, na gode. Wasiƙarki ta zo ranar Juma'a.

F ɗin yana nan. Kullum ina ganinsa. Na ɗauka na firij ne. Kuma da na ga kwalaben sun daskare, zuciyata ta ce mini ruwa ba ya ƙanƙara a huɗu, ɗan firamare ma ya sani. Na ce mata ai magani ba ruwa ba ne. Ban tambayi kowa ba, don ina jin daɗin dabarata.

Ban ga Ɗangoggo ba. Gaskiyar magana, tun tsakiyar Afrilu rabona da shi, aiki ya yi yawa. Ranar Asabar na tuƙa har Kuje, na tsaya a kasuwa na yi awa guda a cikin mota, sannan na ƙarasa. Rugar babu kowa, sai turaku da toka. Masu sayar da nono sun ce sun tashi sun yi wajen Uke. Bai aiko mini ba. Mutumin da ko kasuwa zai canza sai ya aiko. Ko dai ya gane ne, ya ɗauke ni mayaudari? Na dawo ina jin wani sauƙi da ban same shi ba, kuma wannan sauƙin ya fi komai ba ni kunya.

Ga abin da nake tunani. Idan aka samu wani maganin, sai in je in ce musu allurar zagaye biyu ce, wannan ce ta biyu. Shanu su samu tsaro, ba wanda ya ji ciwo. Kin san abin da nake nufi. Ya tsaya a gaban yayansa ya ce, wannan Yamusa ne. Ya sa wa ɗansa sunana. Da wane baki zan ce masa na yi mako uku ina lalata maganin da hannuna, ina yabon kaina?

Abokina na sashen dabbobi ya ce nasu ya ƙare. Ko za ki iya samowa a nan?

Yamusa.

*

Zariya,
19 ga Mayu, 1982.

Yamusa,

Muna lafiya. Direban Baba ne zai kawo maka wannan hannu da hannu, tare da kula. Kwalaben suna ciki, da ma'aunin Santigired na gilashi. A tsakiyar firij za ka sa su, ba a sama ba.

Don in samu maganin sai da na je wurin malaminmu na gaya masa dalili. Ya sa na maimaita abin da na rubuta maka a gaban 'yan ajinmu. Ya ce, “Huɗun me, likita? Huɗun awaki?” Aka yi dariya. Ban mutu ba, ga ni ina rubutu.

Maganar zagaye na biyu, ba zan hana ka ba, bakinka ne. Amma ka yi tunani. Idan ciwon ya riga ya shiga garken, sun ga allura ta farko ba ta tsare komai ba. Me zai sa su miƙa wuyan dabbobinsu ga ta biyu? Za su ce maganin banza ne, su faɗa wa na gaba, na gaba ya faɗa wa na gaba. Malamin allurar da ka kai ma ba zai sake shiga ruga a yankin ba. Abu ɗaya ne zai wanke maganin, a san abin da ya same shi.

Ban san dalilin tashinsa babu sallama ba. Kai ma ba ka sani ba. Kada ka yanke masa hukunci daga Garki.

Hafiza.

*

Garki, Abuja,
24 ga Mayu, 1982.

Hafiza,

Gaisuwa da fatan alheri. Kula ta iso lafiya, ma'auninki yana kan biyar da na buɗe. Ki yi wa Kawu godiyar direba.

Shekaranjiya muka je da malamin allura. Mun same su a wani fako bayan Uke, an bar titi da ɗan nisa. Ɗangoggo ya taro ni da fara'a kamar jiya muka rabu. Ya shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Na ce yaya shanu? Ya ce lafiya lau. Na ce babu wata damuwa? Ya ce sai alheri.

Daga inda nake zaune ina hangen dangwali, igiyar nan da suke ɗaure maruƙa a jere. A Kuje cike take. A nan na ga madaukai da yawa a kwance a ƙasa babu kowa a ciki. Ya ga inda nake kallo, sai ya gyara zama ya tare mini.

Usaini ne ya fasa ƙwan. Ya zo da mutane biyar ko shida, ya ga kula, ya ce, “Wata kuma? Ta farko ba ta ishe mu ba?” Ɗangoggo ya ce, “Yaya, baƙo ne.” Usaini ya ce, “Baƙo ne shi ya sa ka tashe mu daga Kuje ba shiri, don kada ya zo ya ƙirga maruƙa ya ji kunya. To ga shi ya zo.”

Kin ji dalilin. Ba fushi ya yi ba. Ciwon ya shiga tun farkon ruwa, shi kuma ya kwashe gidansa da garkensa ya yi tafiyar kwanaki don kada in ga kyautata ba ta yi amfani ba. Ni ina Garki ina ɓuya daga gare shi, shi yana Uke yana ɓoye mini.

Duk da haka, wallahi, maganar zagaye na biyu ta zo har bakina. Na ce, “Wannan allurar...” Usaini ya ce, “Ta farkon me ta tsare?” Sai na ji ba zan iya ba.

Na roƙi ƙwaryar ruwa. Na taho da ma'aunin Baturen a aljihu, na sa shi a ciki tare da naki. Naki ya nuna ashirin da bakwai, nasa tamanin da ɗaya. Na ce su duba, ruwa ɗaya ne, kamar hatsi ɗaya ne a auna da mudu a auna da gwangwani. Usaini ya leƙa ya ce, “To wanne ne maƙaryacin?” Na ce babu, ni ne ban tambayi da wanne nake awo ba. Na faɗa musu komai, da akwatin ƙanƙara, da mako ukun, da yadda na yi ta yabon kaina. Na ce maganin lafiyayye aka ba ni, malamin allura bai san komai ba, a ɗakina ya mutu.

Ɗangoggo ya ja malafarsa ya rufe fuska, yana tona ƙasa da tsinke, kamar shi ya yi laifin. Na gwammace ya zage ni. Usaini ya kalle ni ya ce, “Duk karatun nan?” Na ce duk karatun nan.

Na ce wa Ɗangoggo ya karɓi karsanarsa, ban cancance ta ba. Ya tashi ya shiga garke. Can sai ga shi yana janye da ita. Ya sa mini igiyar a hannu ya ce, “Riƙe kayarka da kyau, tana harbi. Da ita za a fara.”

Ta harbe ni kuwa, a ƙauri. Shi ne karo na farko da aka yi dariya.

An yi wa na Ɗangoggo duka, da na maƙwabta uku. Usaini ya ba da maruƙansa ya hana manyan, ya ce zai gani tukuna. Mutum biyu sun kora nasu sun tafi, ba su ko yi sallama ba. Waɗanda suka mutu sun mutu, bai yarda ya gaya mini adadinsu ba, na san kuma ba zai taɓa faɗa ba. Yanzu sai jiran mako biyun da kika ce. Ki sa mu a addu'a.

Da za mu tafi aka miƙo mini takwarana, ya yi ɓulɓul. Matan rugar sun riga sun sa masa Mai Ƙanƙara, kuma na san ba shi suke nufi ba. Zai girma ya tambayi dalili, za a gaya masa.

Wasiƙu biyu ke nan ba ki kira ni bawa ba. Ki dawo da shi, don Allah, wannan ladabin naki ya fi zagin ciwo.

Ma'aunin Baturen na mayar da shi inda na same shi. Na duba yanzu kafin in rufe ambulan. Yana kan arba'in, na bar shi.

Naki,
Yamusa.